Ayislan da Ƙwallon Ƙafa: Tambayoyi da Amsoshi kan Tsibirin da Ya Fitar da Ingila, Ya Haɗu da Ahmed Musa

Mu a nan, ta hanya biyu muka san Ayislan. Ta farko daren da ta kori Ingila daga gasar Turai a 2016, ta biyu kuma yammacin Juma'ar da Ahmed Musa ya zura mata biyu a Rasha. Kafin waɗannan ranaku akwai shekara saba'in na shan kashi da haƙuri, kuma su ne suka fi ba ni sha'awa. Ga tambayoyin da suka fi tasowa duk lokacin da hira ta biyo ta kan wannan ƙasa.

Wai ina ne Ayislan, kuma ƙanƙantarta ta kai yaya?

Tsibiri ne a can ƙuryar arewacin tekun Atlantika, tsakanin Norway da Girinlan. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 103,000, amma akasarinsa ƙanƙara ce da fako da duwatsu masu aman wuta. Mutanen sun tattaru a bakin teku, kusan kashi biyu cikin uku a Reykjavik, babban birnin, da kewayensa. Lokacin da suka je gasar Turai a 2016 yawansu bai wuce 330,000 da 'yan kai ba. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Dala kaɗai mutum fiye da 400,000. Wato ka ɗauki Dala ita kaɗai, ka cire mata da yara da tsofaffi, ka fitar da mutum goma sha ɗaya su kara da Ingila.

Sai kuma yanayi. A watan Disamba hasken rana bai fi awa huɗu zuwa biyar ba a Reykjavik. Iska tana kaɗawa kamar za ta ɗauke mutum, ciyawa kuma ba ta yin kyau sai 'yan watanni. Shi ya sa gasar ƙungiyoyin cikin gida, wadda aka fara tun 1912, ake buga ta daga bazara zuwa kaka kawai. Tsofaffin 'yan wasansu a kan filin tsakuwa suka koyi ƙwallo, rabin shekara kuma babu ƙwallon ma sam.

Yaushe suka fara buga wasan ƙasa da ƙasa?

Sun buga da tsibiran Faro a 1930 suka ci 1-0, amma ba a lissafa shi a hukumance, domin a lokacin dukkansu suna ƙarƙashin sarautar Denmak. Ayislan ta zama jamhuriya ranar 17 ga Yuni, 1944. Bayan shekara biyu, ranar 17 ga Yuli, 1946, ta karɓi baƙuncin Denmak ɗin a Reykjavik, aka ci ta uku da nema. Wannan shi ne wasa na farko a littafin tarihi. Hukumar ƙwallon ƙasar, KSI, an kafa ta a 1947, ta shiga FIFA a shekarar, ta shiga UEFA a 1954.

Nasarar farko ta zo a 1948, da suka doke Finlan 2-0. Gwarzon wannan zamani shi ne Rikhardur Jonsson, ɗan garin masunta na Akranes. A 1951 sun doke Suwidin 4-3, kuma duka huɗun shi ya ci. Ƙwallaye 17 da ya tara sun fi shekara arba'in babu wanda ya wuce su.

Wane wasa ne ya fi yi musu ciwo?

Ranar 23 ga Agusta, 1967, a Kofanhegan: Denmak 14, Ayislan 2. A hannun tsohuwar uwar gijiya kuma. Har yau in ka ce wa mutumin Ayislan "sha huɗu da biyu", ba sai ka yi ƙarin bayani ba.

To kafin 2016 ba su taɓa yin abin kirki ba ke nan?

Sun yi, sai dai jefi-jefi, kamar ruwan bazara. A Yunin 1975 sun doke Jamus ta Gabas 2-1 a Reykjavik, ƙasar da shekara ɗaya kafin nan ta doke Jamus ta Yamma a gasar cin kofin duniya. A Satumban 1998 Faransa ta zo musu da kofin duniya a hannu, wata biyu kacal bayan ta lallasa Barazil, aka tashi kunnen doki 1-1. A Agustan 2004 sun ci Italiya 2-0 a wasan sada zumunta, ranar da Marcello Lippi ya fara aiki a matsayin kocin Italiya. Amma a 2007 ƙaramar ƙasar Liechtenstein ta ɗura musu uku babu ko ɗaya. Haka abin yake tafiya: rana ɗaya ta farin ciki, shekara biyar ta takaici.

Abin da ba su taɓa rasawa ba shi ne tauraro guda a kowane zamani. Albert Gudmundsson ya taka leda a Arsenal da AC Milan tun shekarun 1940, ya dawo gida ya shugabanci hukumar ƙwallo, daga baya ya zama ministan kuɗi. Asgeir Sigurvinsson ya ci gasar lig ta Jamus da Stuttgart a 1984. Eidur Gudjohnsen, wanda duk mai kallon Chelsea a zamanin Mourinho ya sani, ya ɗauki Firimiya sau biyu, ya je Barcelona ya ɗauki kofin zakarun Turai a 2009. Matsalar ita ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tauraron zai zo daga babbar ƙungiya ya tarar da abokan wasan da ba su taɓa ƙwallo a kan ciyawa ba tun watan Oktoba.

Da gaske ne an taɓa fitar da uba daga fili aka sa ɗansa?

Da gaske ne. Ranar 24 ga Afrilu, 1996, a Tallinn, wasa da Estoniya. Arnor Gudjohnsen yana da shekara 34, ɗansa Eidur yana da 17. Bayan hutun rabin lokaci aka ɗaga allon canji, uban ya taho bakin layi, ya sumbaci ɗan a kumatu, ɗan ya ruga cikin fili. Niyyar hukumar ita ce a haɗa su tare a wasa na gaba a gida, a gaban mutanensu. Kafin ranar ta zo Eidur ya karye a ƙafa a wasan matasa, ya yi jinya mai tsawo, kafin ya warke uban ya yi ritaya. Ba su taɓa tsayawa fili ɗaya cikin rigar ƙasa ba. Duk sanda na tuna wannan sai na ji wani iri, don abin da aka ajiye wa gobe ne goben ba ta kawo shi ba.

Me ya sa kusan kowa sunansa ya ƙare da "son"?

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurin Bahaushe. Yawancinsu ba su da sunan dangi irin na sauran Turawa, da sunan uba ake kiran mutum. "Son" shi ne ɗa, "dottir" ita ce 'ya. Aron Gunnarsson yana nufin Aron ɗan Gunnar, Gylfi Sigurdsson kuma Gylfi ɗan Sigurdur, kamar yadda za mu ce Audu ɗan Garba. Saboda haka su a can ba sa cewa "Sigurdsson ya ci", Gylfi suke cewa, ko firaminista ma da sunan yankansa ake kiransa. Gidan Gudjohnsen na cikin 'yan tsirarun da suka gaji sunan dangi. Laƙabin tawagar ma na gida ne: "Strakarnir okkar", wato samarinmu.

Me ya canza har suka zama abin tsoro?

Masu sharhi na son kiran abin mu'ujiza. Ni ban yarda ba. Aiki ne da aka fara shekara goma sha biyar kafin a ga amfaninsa, kuma waɗanda suka fara shi da yara 'yan shekara shida suka fara.

Na farko, sun yi wa ƙwallo rufi. A shekara ta 2000 aka buɗe fili na farko mai cikakken girma a cikin gini, a garin Keflavik, da ciyawar roba. Wasu garuruwa suka bi sahu, ƙananan hukumomi ne ke ginawa, ƙungiyoyin unguwa ke amfani da su. Sai aka bi makarantun firamare ana yi musu ƙananan filaye masu shinge da fitila, sama da ɗari a faɗin ƙasar, wasu ma an ratsa bututun ruwan zafi a ƙarƙashinsu don ƙanƙara ta narke. Ruwan zafin daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa, albarkar duwatsun nan masu aman wuta, don haka ɗumama gini ba ya cin kuɗi sosai. Yaron da ubansa ke buga ƙwallo wata biyar a shekara, shi sai ya samu wata goma sha biyu.

Na biyu, kuma a ganina shi ne ƙashin bayan komai, sun horar da masu horarwa. Daga farkon shekarun 2000 hukumar ta kawo kwasa-kwasan lasisin UEFA cikin gida, cikin harshensu, a kan kuɗin da malamin makaranta zai iya biya. Kafin 2016 masu wannan lasisi sun kai ɗaruruwa a ƙasar da ba ta kai Dala ba. Kuma ba a ajiye su don manya ba. Yarinya 'yar shekara bakwai a ƙauyen masunta tana da koci mai takarda, wanda ake biya albashi, ba wani uba ne da ya zo taimako ranar Asabar ba. Ba a kuma tace yara tun suna ƙanana a kori waɗanda ake ganin ba su iya ba. Duk wanda ya zo za a koya masa, domin ƙasar da mutanenta ba su da yawa ba ta da yaron da za ta zubar.

Wannan batu na ƙarshe shi ne ke taɓa ni. Na sha tsayawa a bakin filin unguwa da yamma ina kallon yaro ba takalmi yana yanka manya uku a jere, na san a raina cewa nan da shekara biyar babu wanda zai san inda ya shiga. A Ayislan irin wannan yaro ba ya ɓata. Kowa ya san sunansa, ya san na ubansa.

Amfanin farko ya bayyana a 2010, lokacin da 'yan ƙasa da shekara 21 suka ci Jamus 4-1, suka kai gasar Turai ta matasa a 2011. A cikinsu akwai Gylfi Sigurdsson, Aron Gunnarsson, Kolbeinn Sigthorsson, Birkir Bjarnason, Johann Berg Gudmundsson da Alfred Finnbogason. Tare suka tashi, tare suka hau babbar tawaga.

An ce kocinsu ya taɓa horar da Super Eagles?

Ƙwarai. Lars Lagerback, ɗan Suwidin, shi ne ya kai Najeriya Afirka ta Kudu a 2010, bayan an ɗauko shi saura 'yan watanni a fara gasa. Maki ɗaya muka samo: Ajantina ta ci mu, Girka ta ci mu a wasan da aka ba Sani Kaita jan kati, muka yi 2-2 da Koriya ta Kudu. Ya tafi. A Oktoban 2011 Ayislan ta ɗauke shi, ta ba shi kusan shekara biyar. A 2012 ƙasar tana ta 131 a jadawalin FIFA, a farkon 2018 ta kai ta 18. Mutum ɗaya ne, bambancin lokaci ne da aka ba shi.

Tsarinsa bai da wani ɓoye-ɓoye: huɗu a baya, huɗu a tsakiya, biyu a gaba, kowa ya san inda zai tsaya in ƙwallo ta kuɓuce. Mataimakinsa, wanda daga 2013 suka zama kai ɗaya, shi ne Heimir Hallgrimsson, likitan haƙori daga ɗan tsibirin Heimaey mai mutum kusan 4,000. Heimir ya tarar magoya baya sun yi sanyi, fili ba ya cika. Sai ya ɗauki wata al'ada: duk ranar wasan gida, saura awa biyu ko uku a take, zai je inda ƙungiyar magoya baya ta Tolfan ke taruwa kusa da filin Laugardalsvollur, a rufe ƙofa, a ajiye wayoyi, ya karanta musu sunayen waɗanda za su fara wasa da dabarar da za a bi, tun 'yan jarida ba su sani ba. Ranar farko mutane kaɗan ya tarar. Daga baya wurin ba ya ɗaukar jama'a. Kuma maganar ba ta fita waje. Ma'anar Tolfan ita ce "na goma sha biyu".

Yaya aka yi suka kai gasar Turai ta 2016?

Sun fara ƙwanƙwasa ƙofa tun neman gurbin kofin duniya na 2014. A Satumban 2013 Suwizalan tana cin su 4-1 a Bern, suka farke aka tashi 4-4, Johann Berg ya ci uku. Sun kai wasan cike gurbi, suka riƙe Kuroshiya babu ci a gida, aka ci su 2-0 a Zagreb.

Zagaye na gaba ba su tsaya wasa ba. Sun ci Turkiyya 3-0, sun ci Holan gida da waje, 2-0 a Reykjavik da 1-0 a Amsterdam, kuma duka ukun da aka zura wa Holan Gylfi ne ya ci. Holan ɗin nan ita ce ta zo ta uku a duniya a 2014. Ranar 6 ga Satumba, 2015, canjaras da Kazakistan ya ishe su.

A Faransa sun yi 1-1 da Fotugal ta Ronaldo, 1-1 da Hungari, sannan a minti na huɗu na ƙarin lokaci Arnor Traustason ya ci Ostiriya, wasa ya tashi 2-1. An ƙiyasta cewa kusan mutum 30,000 ne suka bi su Faransa, kusan ɗaya cikin kowane goma na mutanen ƙasar.

Ingila fa? Sa'a ce ko iyawa?

Ranar 27 ga Yuni, 2016, a birnin Nice. Minti huɗu da farawa Wayne Rooney ya ci fanareti, kowa ya ce shi ke nan. Minti biyu bayan nan Ayislan ta samu jifa a gefen dama. Kyaftin Aron, wanda ya yi wasan ƙwallon hannu yana yaro, ya ja da baya, ya wurgo ta har cikin da'irar gola. Kari Arnason ya goga mata kai, Ragnar Sigurdsson ya zo ta baya ya tura ta raga. Wannan jifar ba sabuwa ba ce, da irinta sak suka ci Ostiriya kwana biyar kafin nan, duniya na kallo. Ingila ta san tana zuwa, ta kasa tare ta. A minti na 18 Gylfi ya ba Jon Dadi Bodvarsson, shi ya miƙa wa Kolbeinn, ya buga ƙasa-ƙasa, ta taɓa hannun Joe Hart ta gangara ciki.

Saura fiye da minti saba'in, kuma Ingila ba ta samu wata hanya ba. Ana tashi kocin Ingila Roy Hodgson ya ajiye aiki. Wanda ya kalli wasan ya san ba sa'a ba ce. Mutum goma sha ɗaya iri ɗaya ne suka fara duka wasanni biyar na Ayislan a gasar, sun san juna kamar 'yan ɗaki ɗaya. A zagayen kwata fainal Faransa ta ci su 5-2, huɗu tun kafin hutu, amma ba su zube ba, sun ci biyu bayan an dawo. Eidur, yana da shekara 37, ya shigo daf da tashi aka ɗaura masa ƙyallen kyaftin.

Tafin nan nasu mai "Huh!" al'adar kakanninsu ce?

A'a, duk da ana danganta shi da mayaƙan Baikin na da. Magoya bayan ƙungiyar Stjarnan ta Ayislan ne suka gan shi a wurin 'yan Motherwell ta Sukotlan a 2014, suka kawo shi gida, Tolfan ta ɗauka. A buga ganga sau biyu, kowa ya ɗaga hannu sama ya tafa sau ɗaya da ihu, a yi shiru, a sake, ana ƙara sauri har ya zama kamar saukar ruwan sama a kan kwano. Aro ne, amma su suka san yadda za su sa shi ya ratsa jiki.

Gaskiya ne duk 'yan wasan suna da wata sana'a, ƙwallo ta gefe ce?

An ƙara gishiri. Kusan dukkansu ƙwararru ne da ke wasa a Ingila, Jamus, Rasha, Denmak da sauransu. Abin da ke gaskiya shi ne kocin likitan haƙori ne, gola Hannes Halldorsson ya yi shekaru yana shirya fina-finai da tallace-tallace kafin ya samu ƙungiya a waje, kuma ɗan baya Birkir Saevarsson, da ya dawo gida ƙungiyar Valur, yana aiki a wata masana'antar ƙulla gishiri a watannin da suka gabaci gasar 2018.

Kofin duniya na 2018 fa?

A ganina wannan ya fi na 2016 wuya, domin yanzu an san su, Lagerback kuma ya tafi ya bar Heimir shi kaɗai. Rukuninsu akwai Kuroshiya, Yukren, Turkiyya, Finlan da Kosobo. Suka zo na ɗaya da maki 22, a saman Kuroshiyar da za ta kai wasan ƙarshe a Mosko. Sun je Turkiyya sun ci 3-0, sannan ranar 9 ga Oktoba, 2017, suka ci Kosobo 2-0 a gida, suka zama ƙasa mafi ƙarancin jama'a da ta taɓa zuwa gasar. Kafin su Trinidad da Tobago ce, mai mutum miliyan 1.3.

Wasan farko, ranar 16 ga Yuni, da Ajantina. Aguero ya ci, bayan minti huɗu Alfred Finnbogason ya rama. A minti na 64 Messi ya ajiye ƙwallo don fanareti, Hannes ya faɗi damansa ya ture ta. Aka tashi 1-1.

Sai ranar Ahmed Musa. Yaya wasan ya kasance?

Juma'a ce, 22 ga Yuni, mako ɗaya bayan ƙaramar Sallah, ƙarfe huɗu na yamma agogonmu. Kuroshiya ta riga ta ci mu 2-0, in aka sake yin rashin nasara sai haɗa kaya. A gidan kallon unguwarmu na kalle shi, benci ya cika, yara a ƙasa gaban allo, janareta na ruri a bayan katanga. Rabin farko ba abin da za a faɗa: Najeriya ba ta buga ko ƙwallo ɗaya zuwa raga ba. Da aka tafi hutu, waɗanda ba su yi La'asar ba suka fita alwala suna ta mita. Wani dattijo da ke gefena ya girgiza kai ya ce, "Yaro, mutanen nan ba su da yawa, amma ba sa barin ƙofa a buɗe."

Minti huɗu da dawowa suka bar ta. Jifar nan tasu mai nisa ce ta juye musu: aka fitar da ita da kai, Victor Moses ya kwasa a guje ta dama, ya aiko. Musa ya miƙa ƙafar dama ya sauke ta, ta yi tsalle ɗaya, ya maka ta saman raga. Ban san lokacin da na tsinci kaina a tsaye a kan benci ba. A minti na 75 Kenneth Omeruo ya doko wata doguwa ta hagu, Musa ya bar Kari Arnason a baya, ya yanke gola, ya tsaya ya duba 'yan baya biyu da suka koma kan layi, sannan ya zaɓi kusurwa. A Kano abin ya wuce ƙwallon ƙasa, ɗan Pillars ne, wanda ya ci 18 a kakar 2009/2010 kafin ya fita waje. Saura minti bakwai na'urar VAR ta ba Ayislan fanareti, Gylfi da ba kasafai yake ɓarar da ita ba ya ɗaga ta sama da turke.

Abu biyu nake so a riƙa tunawa game da su a wannan haɗuwa. Kafin wasan, 'yan Ayislan sun ɗauki hoto riƙe da rigarsu mai sunan Carl Ikeme, golan Najeriya da cutar sankarar jini ta hana zuwa gasar, domin Jon Dadi tsohon abokin wasansa ne a Wolves. Na biyu, ba ranar muka fara haɗuwa ba: a 1981 Najeriya, tana riƙe da kofin Afirka, ta je Reykjavik wasan sada zumunta aka ci ta 3-0. Bayan wasanmu da su a birnin Volgograd, Kuroshiya ta ci Ayislan 2-1, suka koma gida da maki ɗaya.

Me ya same su bayan nan?

Samarin 2011 sun manyanta tare, kamar yadda suka tashi tare. Heimir ya sauka bayan gasar, kuma a wasan farko na magajinsa Erik Hamren, Suwizalan ta ci su 6-0. Duk da haka saura ƙiris su koma gasar Turai: a Nuwamban 2020 suna cin Hungari 1-0 a Budapest har minti na 88, aka zura musu biyu kafin a tashi.

A 2021 abin da ya fi rashin nasara muni ya taso. An zargi wasu 'yan wasa da cin zarafin mata, aka kuma zargi hukumar da rufa-rufa. Shugabanta Gudni Bergsson ya yi murabus, sauran 'yan kwamitin suka bi shi, Vanda Sigurgeirsdottir ta zama mace ta farko da ta riƙe kujerar. Filin da ake rububin tikitinsa ya koma rabi babu kowa, kuma ban ga laifin waɗanda suka ƙaurace ba.

A Maris 2024 sun sake kai wasan ƙarshe na cike gurbin gasar Turai, suna gaba da ci ɗaya, Yukren ta juya shi 2-1. A Yunin shekarar suka je Wembley suka ci Ingila 1-0 a wasan sada zumunta. Neman gurbin kofin duniya na 2026, ƙarƙashin Arnar Gunnlaugsson, sun riƙe Faransa 2-2 a gida, amma Yukren ta sake tare musu hanya.

Matan ƙasar suna buga ƙwallo?

Su ne ma suka riga maza zuwa babbar gasa. Sun je gasar Turai a 2009, sun kai kwata fainal a 2013, kuma ba su sake fashi ba har 2025. Sara Bjork Gunnarsdottir ta ɗauki kofin zakarun Turai sau biyu da Lyon. Filayen da masu horarwar iri ɗaya ne ga yara maza da mata, kuma tun 2018 ladan nasara a wasan ƙasa daidai ake biyan ɓangarorin biyu.

Har yanzu su ne mafi ƙanƙanta da suka je kofin duniya?

A'a. A Nuwamban 2025 tsibirin Curacao, mai mutum kusan 156,000, ya karɓe wannan matsayi, wata guda bayan Kef Bad (Cape Verde) ta Afirka ta samu nata gurbin a karon farko. Sun cancanci yabo. Sai dai hanyar ba ɗaya ba ce: akasarin 'yan wasan Curacao a Holan aka haife su, can aka horar da su. Na Ayislan kusan dukkansu a ƙungiyoyin unguwanninsu suka fara, a hannun kocin garinsu.

Akwai masu tasowa?

Akwai. Hakon Haraldsson yana Lille, Orri Oskarsson ya je Real Sociedad aka kuma ba shi kyaftin yana da shekara 20, Albert Gudmundsson na yanzu, tattaɓa-kunnen wancan ministan, ya yi suna a Italiya. Gylfi ne ke riƙe da tarihin yawan ƙwallaye tun 2023, da ya wuce 26 na Eidur da Kolbeinn, Birkir Bjarnason kuma ya fi kowa yawan wasanni da 113.

Gidan Gudjohnsen ma bai fita daga fili ba. A Oktoban 2021, wasa da Liechtenstein a Reykjavik, 'ya'yan Eidur biyu suka shigo daga benci. Daf da tashi Sveinn Aron ya sauke ƙwallo da kai, ƙaninsa Andri Lucas ya zura ta a raga. Ubansu yana tsaye a bakin layi a matsayin mataimakin koci, yana kallon su sun rungume juna.